Ƙananan jiragen yaƙi masu harba topido: ƙirarsu da rawar da suka taka a yaƙi

Jiragen ruwa masu harba topido ƙananan jiragen yaƙi ne masu tsananin gudu, waɗanda sojojin ruwa na ƙasashe da dama suka yi aiki da su a Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu. Faransawa na kiran irinsu vedette lance-torpilles, Turawan Ingila na cewa MTB, Amurkawa PT, Italiyawa MAS, Jamusawa kuma Schnellboot, wato jirgi mai sauri. Tsawonsu daga mita 12 ne zuwa 35, galibinsu na katako ne, kuma mutanen da ke cikin mafi girmansu ba sa wuce 30.

Aikinsu shi ne su laɓaɓo cikin duhu zuwa kusa da babban jirgi, su sakar masa topido, su gudu. Ba su da sulken ƙarfe na kirki, don haka gudu da duhun dare ne garkuwarsu. Duk wanda ya zauna zana irin wannan jirgi sai ya auna abubuwa huɗu da ba sa jituwa: gudu, jure haukan teku, nisan zango, da nauyin makamai. Abin da aka ƙara wa ɗaya, daga ɗaya ake rage shi. Yadda kowace ƙasa ta yi wannan rabo shi ya bambanta jiragenta da na sauran.

Makamin da ya haifar da jirgin

Topido dogon bam ne mai siffar kifi, mai injin kansa da farfela, wanda ke tafiya a ƙarƙashin ruwa har ya daki jirgi. Injiniya ɗan Ingila Robert Whitehead ne ya ƙera na farko mai aiki a 1866, a garin Fiume, wanda yanzu ake kira Rijeka a ƙasar Kuroshiya. Iskar da aka matse cikin tanki ce ke tuƙa shi.

Kafin wannan lokaci, nutsar da babban jirgin yaƙi galibi sai wani babban jirgi mai manyan igwa. Topido ya canza lissafin, domin yana huda jirgi ta ƙasan ruwa, inda sulke bai da kauri, kuma ƙaramin jirgi ma na iya ɗaukarsa. Manyan rundunoni sun firgita har suka ƙirƙiro wani jirgi na musamman don farautar masu harba shi, wanda Faransawa suka kira contre-torpilleur. Jiragen topido na farko da tururi suke tafiya, ga tukunyar ruwa ga gawayi, sai suka riƙa girma suna nauyi. Da injin fetur ya kankama a farkon ƙarni na 20, mai ƙarfi kuma marar nauyi, sai aka samu damar komawa ga ɗan ƙaramin jirgi na gaske.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Italiya ce ta fara nuna wa duniya abin da waɗannan jirage za su iya. Da asubahin ranar 10 ga Yunin 1918, kusa da tsibirin Premuda a tekun Adriyatik, wani hafsa mai suna Luigi Rizzo da jiragen MAS guda biyu suka ci karo da ayarin yaƙin daular Ostiriya-Hangari. Rizzo ya ratsa tsakanin jiragen rakiya da MAS 15, ya harba topido biyu kan Szent István, katafaren jirgi mai nauyin tan kusan 20,000. Bayan ƴan sa'o'i jirgin ya kife ya nutse, mutum 89 suka mutu. Wanda ya nutsar da shi, tsawonsa mita 16 ne kacal, nauyinsa bai kai tan 20 ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido. Har yau 10 ga Yuni ce ranar bikin sojojin ruwan Italiya, MAS 15 kuma na ajiye a birnin Rum.

A Ingila, kamfanin Thornycroft ya ƙera nasa samfurin mai mita 12, wanda ake kira CMB. Saboda ƙanƙantarsa babu wurin ɗora bututun harbi, sai aka kwantar da topidon cikin wani kwami a bayan jirgi. Ana tunkuɗa shi ta baya, kansa na kallon gaba, sannan matuƙi ya yi maza ya kauce don makamin ya wuce. Da irin wannan ne Augustus Agar ya nutsar da jirgin yaƙin Rasha mai suna Oleg a kusa da Kronstadt a watan Yunin 1919.

Siffar ƙasan jirgi

Babbar tambayar da ke gaban masu zane ita ce yadda ƙasan jirgi zai kasance. Jirgi na yau da kullum, kamar kwale-kwalen da aka loda wa kaya a kogi, yana keta ruwa ne yana ture shi gefe. Yayin da yake ƙara gudu, igiyar ruwan da yake tayarwa a gabansa tana ƙara girma, har ya zama kamar yana hawan tudun da shi ya gina. Gajeren jirgi na saurin kaiwa wannan iyaka, daga nan ko an ninka masa ƙarfin inji, gudun da zai ƙaru kaɗan ne.

Hanya ta farko ta tsallake iyakar ita ce a yi ƙasan jirgin kusan a shimfiɗe, da kaifin kusurwa inda ƙasa ta haɗu da gefe. Idan inji ya ɗau zafi, ruwa na tura jirgin sama, goshinsa ya ɗaga, ya riƙa sulɓi a kan ruwa kamar faifan dutsen da yaro ya jefa a tafki. Da haka ɗan jirgi ke iya wuce kilomita 70 a sa'a. Ingila da Amurka da Italiya da Tarayyar Sobiyet duk wannan hanya suka bi. Aibinta na bayyana idan teku ta tashi. Jirgin na tsalle daga wannan igiya ya faɗa kan waccan da ƙarfi, katako na tsagewa, mutanen ciki na jigata, tilas a rage gudu. Ga kuma farin kumfa mai yawa da yake bari a baya, wanda ake hangowa da dare.

Hanya ta biyu ita ce a yi jirgin dogo siriri, ƙasansa a kewaye, ya riƙa yanka igiyar ruwa maimakon hawa kanta. Wannan na bukatar jirgi mafi girma da inji mafi ƙarfi, kuma ya fi tsada, amma yana riƙe gudunsa ko da teku ba ta kwanta ba. Jamus ce ta zaɓi wannan.

Jamus: dogon jirgi mai injin dizal

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ƙayyade wa Jamus manyan jiragen yaƙi, sai hafsoshinta suka mai da hankali kan ƙanana. Sun ɗauki darasi daga wani jirgin shaƙatawa mai suna Oheka II, wanda kamfanin Lürssen na Vegesack, kusa da Bremen, ya ƙera a 1927 wa attajirin bankin Amurka Otto Kahn. Daga zanensa aka fitar da S-1 a 1930.

Samfurin da ya fi shahara a lokacin yaƙi, S-100, tsawonsa kusan mita 35 ne, faɗinsa ya ɗan haura mita 5, nauyinsa kimanin tan 100. Haƙarƙarinsa na ƙarfe marar nauyi ne, an lulluɓe shi da katako. Yana da injinan Daimler-Benz guda 3, kowane mai silinda 20 da ƙarfin doki 2,000 ko fiye, waɗanda ke kai shi kusan kilomita 80 a sa'a. Idan ya tsaya a kan kilomita 55 a sa'a, yana iya cin zangon kilomita 1,300 bai sha mai ba. Bututun topido biyu na cikin goshinsa a rufe, da wasu topido biyu na ajiya. Daga baya an sa wa ɗakin tuƙi hular sulke.

Masu ƙirar sun gano wata dabara da ake kira da sunan kamfanin. Ban da babban allon juya jirgi na tsakiya, akwai ƙanana biyu a gefe. Idan ana tsananin gudu sai a karkatar da su waje, bayan jirgin ya ɗan ɗaga, gudu ya ƙaru kaɗan, kumfan baya kuma ya ragu.

Babbar fa'idar Jamusawa ita ce man da suke sha. Dizal, wanda wasu ke kira gazuwal, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma yana kai jirgi nesa. Ƙera injin dizal mai wannan ƙarfi ba tare da nauyi ba aiki ne mai wuya, shi ya sa abokan gabarsu suka ƙare yaƙin da fetur. Amma wuyar ƙera injin ta sa jiragen ba su taɓa wadatar Jamus ba.

Ingila: ƙarancin inji da ƙananan masassaƙa

Kamfanin Vosper, ƙarƙashin Peter Du Cane, ya ƙera MTB 102 a 1937, mai mita 21, da injinan Isotta Fraschini na Italiya. Wannan jirgi ya yi ta kai da komo wajen kwashe sojoji daga Dunkerque a 1940. A watan Yunin shekarar Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, hanyar samun injinan ta toshe. An yi ta maneji da marasa ƙarfi kafin injinan Packard su fara isowa daga Amurka.

Gajerun jiragen Ingila na da gudu a ruwa mai kwanciya, amma ba su kai na Jamus makamai da juriya ba. Don cike giɓin aka fito da Fairmile D, mai mita 35 da injina 4. Gudunsa bai wuce kilomita 55 a sa'a ba, sai dai yana ɗauke da igwa da bindigogi masu yawa. Yadda aka ƙera shi ma abin lura ne. Ana yanka sassansa a masana'anta, a aika wa ƙananan masassaƙan jirage da ke warwatse a gaɓar teku su harhaɗa, manyan ma'aikatun ƙarfe kuma su ci gaba da manyan jirage. Sojojin ruwan Faransa masu biyayya ga Janar de Gaulle su ma sun samu jiragen Vosper, suka kafa runduna ta 23, wadda ta yi aiki daga Dartmouth a mashigin Manche.

Hatsarin fetur ya fito fili a tashar Ostende ta Beljiyam ranar 14 ga Fabrairun 1945. Man da ya malala a kan ruwa ya kama wuta, ta bi jiragen da ke ɗaure gefe da gefe, topido da harsasai suka riƙa fashewa. Jirage 12 na Ingila da Kanada suka ƙone, mutum fiye da 60 suka rasu, ba tare da abokin gaba ya harba ko harsashi ɗaya ba.

Amurka: ƙira da yawa

Amurka ta makara wajen shiga wannan fage. A 1939 kamfanin Elco ya sayo wani jirgi mai mita 21 daga mai zane ɗan Ingila Hubert Scott-Paine, ya mai da shi abin koyi. Bayan gasar gwaji a teku a 1941, aka tsayar da samfuri biyu: na Elco mai mita 24, da na Higgins na New Orleans, wanda ya ɗan gaza shi tsawo. Jiragen PT fiye da 500 suka yi aiki a yaƙin.

Mutane da yawa na zaton da falankin filawud aka yi jikinsu. A gaskiya falle biyu ne na katakon mahogani, dangin maɗaci, an gicciya su, an sa zane mai kauri da aka jiƙa da gam a tsakani, an ɗaure da dubban ƙusoshi. Katako ba ya da nauyi, ba ya jawo nakiya mai maganaɗisu, kuma kafinta na iya toshe ramin harsashi a sansanin da ke bakin daji. Kowane jirgi na da injinan Packard guda 3 masu silinda 12, waɗanda ƙarfinsu ya tashi daga doki 1,200 zuwa 1,500 kafin ƙarshen yaƙi. Suna kai shi kilomita 75 a sa'a. Tankunansa na cin lita 11,000 da ɗoriya na fetur irin na jirgin sama, wanda ke ƙarewa cikin sa'o'i shida idan aka sake wa injinan linzami. Don laɓaɓawa, akwai salansa mai tura hayaƙi ƙarƙashin ruwa, don guduwa kuma akwai na'urar tayar da farin hayaƙi.

Sunan PT ya fara fita ne a watan Maris na 1942, lokacin da John Bulkeley ya fitar da Janar Douglas MacArthur daga tsibirin Corregidor na Filifin a cikin PT-41. Wanda aka fi sani kuwa shi ne PT-109, wanda John Kennedy ke jagoranta. A daren 1 zuwa 2 ga Agustan 1943, a tsibiran Solomon, jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri ya bi ta kansa ya raba shi biyu. Mutum 2 suka mutu, 11 suka yi iyo zuwa wani ɗan tsibiri. Wasu ƴan ƙasar biyu, Biuku Gasa da Eroni Kumana, su suka same su, suka kai saƙon da Kennedy ya rubuta a jikin kwakwa. Kennedy ya zama shugaban Amurka a 1961.

Topidon da aka fara ba jiragen PT tsohon samfuri ne mai yawan saɓa saiti ko ƙin fashewa, don haka manyan jiragen da suka nutsar ba su da yawa. Amfaninsu na gaske ya fito ne a wani aiki dabam. Japanawa na kai wa sojojinsu abinci da harsasai cikin dare a ƙananan jiragen dakon kaya marasa zurfi, waɗanda topido ke wucewa ta ƙarƙashinsu. Sai matuƙan PT suka riƙa ɗora duk bindigar da suka samu, masu milimita 20 da 37 da 40, wasu ma suka sauke bututun topido gaba ɗaya. A mashigin Surigao, a watan Oktoban 1944, jiragen PT 39 sun tare ayarin Japan. Topido ɗaya ne ya samu jirgin Abukuma, amma rahotannin da suka riƙa aikawa ta rediyo sun sa manyan jiragen Amurka sun shirya tarko.

Italiya da Tarayyar Sobiyet

Jiragen MAS na Yaƙin Duniya na Biyu gajeru ne masu gudu sosai, kuma ɗayansu, MAS 213, ya raunata jirgin Ingila Capetown a kusa da Massawa ta Eritiriya a watan Afrilun 1941. Amma da zarar iska ta taso sai su kasa fita. Da Italiya ta ƙwace wasu jirage ƙirar Lürssen daga hannun Yugoslabiya a 1941, sai ta kwaikwayi siffarsu ta fito da samfurin MS. Biyu daga cikinsu, MS 16 da MS 22, su suka daki jirgin Ingila Manchester ranar 13 ga Agustan 1942 a gaɓar Kelibia ta Tunisiya, yana rakiyar ayarin da ke kai agaji tsibirin Malta. Mutanensa suka ƙarasa nutsar da shi da hannunsu. Shi ne jirgin yaƙi mafi girma da irin waɗannan jirage suka yi sanadin nutsewarsa a yaƙin.

Tarayyar Sobiyet ta ba mai zanen jiragen sama Andrei Tupolev aikin, shi kuwa ya yi shi irin na sana'arsa. Samfurin G-5, mai mita 19, da alminiyam aka ƙera shi, yana wuce kilomita 90 a sa'a. Sai dai ruwan gishiri na cin alminiyam, tilas a riƙa fitar da jiragen tudu a kai a kai, zangonsu gajere ne, kuma ba sa jure igiyar ruwa.

Yadda suke yaƙi da yadda aka karya lagonsu

Da rana waɗannan jirage ganima ce ga jirgin sama, don haka da dare suke fita. Jamusawa kan tsallaka Tekun Arewa da magariba, su kashe inji a gefen hanyar da ayarin jiragen kaya ke bi a gabashin Ingila, su jira. Wani lokaci nakiyoyi kawai suke zubawa su koma. Mummunan harinsu ya auku ne ranar 28 ga Afrilun 1944, lokacin da jirage 9 daga Cherbourg suka faɗa wa Amurkawa masu atisayen saukar Normandiya a gaɓar Lyme. Sun nutsar da manyan jiragen dakon sojoji 2, suka lalata na uku, Amurkawa fiye da 700 suka mutu.

Na'urar rada ce ta fara raba su da duhun da suke fakewa a ciki, domin tana nuna su tun daga nesa. Jiragen sama kuma suka bi su har gida. A daren 14 ga Yunin 1944, jiragen saman Ingila sun yi ruwan bama-bamai kan tashar Le Havre, suka hallaka jiragen Schnellboot fiye da 10 a inda suke ɗaure. Da yaƙi ya ƙare, Amurka ta ga kula da jiragen katako masu shan mai ya fi ƙarfin amfaninsu. A ƙarshen 1945 aka cire wa fiye da 100 kayan aiki a tsibirin Samar na Filifin, aka cinna musu wuta a bakin teku.

Magadansu

Tunanin ɗora babban makami kan ƙaramin jirgi bai mutu ba, makamin ne ya canza. Tarayyar Sobiyet ta ɗauki gangar jikin jirgin topidonta na katako, P-6, ta ɗora masa makamai masu linzami guda 2, aka samu samfurin Komar. Ranar 21 ga Oktoban 1967, jiragen Komar na Masar da ke Port Said suka nutsar da jirgin yaƙin Isra'ila Eilat, mutum 47 suka mutu. Makami mai linzami na kaiwa nisan kilomita da dama, saboda haka laɓaɓawa har kusa da abokin gaba ta daina zama dole, rundunonin duniya kuma suka rungumi sabon salon.

Galibin magadan na ƙarfe ne, tsawon wasunsu ya haura mita 50, da injin dizal da ƙasa mai yanka ruwa, wato tafarkin da Jamusawa suka bi tun 1930. Sun iso har Afirka ta Yamma. A farkon shekarun 1980 Najeriya ta karɓi guda 3 samfurin La Combattante daga ma'aikatar jirage ta Cherbourg, da wasu 3 daga kamfanin Lürssen, wanda Gana ma ta sayi jiragen sintiri a wurinsa. Na Najeriya ƙirar Lürssen an raɗa musu sunan dabba ɗaya cikin harsuna uku na ƙasar: Ekpe, Agu, da Damisa.